Bidiyo ko murya: muhawarar 'yan kasuwar Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena kan shirin mako-mako

Sakataren ƙungiya, Garwa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, shugaban ƙungiya ya umarce ni da in kawo gabanku wata shawara da matasanmu suka gabatar a zaman da ya gabata, domin kowa ya faɗi albarkacin bakinsa kafin a kai ta gaban kwamitin kuɗi. Shawarar ita ce ƙungiya ta riƙa fitar da shiri guda a kowane mako, wanda zai ƙunshi farashin kaya a kasuwannin Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena, da halin da hanya take ciki daga Ngaundere zuwa gadar Ngeli wadda ta haɗa Kuseri da Njamena, da canjin naira da sefa, sannan hira da ɗaya daga cikin dattawan sana'a. A kan buƙatar shirin babu wanda ya ja, domin kowa ya san yadda jita-jitar farashi take yawo a waya har ta sa mutum ya ɗora kaya a mota ya je ya tarar da akasin abin da aka gaya masa. Inda aka rabu shi ne siffar da shirin zai ɗauka. Wasu sun ce a sayi kyamara da fitilu a buɗe tasha a YouTube da TikTok, wasu kuma sun ce murya kaɗai ta wadatar, a naɗa a tura ta WhatsApp kamar yadda aka saba. Akwai kuma magana ta biyu da ta taso a gefe, wato yadda muke ƙulla ciniki da junanmu ta saƙon murya ba tare da an rubuta komai ba. Ina roƙon a tsaya a kan waɗannan biyun, kuma duk wanda zai yi magana ya zo da hujjarsa.

Mai gyaran waya, Marwa:

Wa alaikumus salam. Tunda daga bakina maganar bidiyo ta fara fitowa, ya zama wajibi in kare ta. Hujjata ta farko ita ce wayoyin da ake kawo mini, domin duk wanda ya zo yana kukan cewa wayarsa ta cika ta daina karɓar saƙo, ɗan moto ne ko babban attajiri, idan aka duba abin da ya cinye wurin ajiya sai a tarar bidiyo ne. Ba mu kaɗai ba ne, duniyar ce gaba ɗaya ta karkata can. TikTok ya sanar a watan Satumba na 2021 cewa masu amfani da shi a kowane wata sun kai biliyan 1, kuma tsoron wannan guguwa ne ya sa Instagram ya fito da Reels a 2020, YouTube kuma ya baza Shorts a duniya a 2021, dukkansu sassan gajerun bidiyoyi ne irin na TikTok. Hatta fodkas, wanda asalinsa shirin saurare ne zalla, ya koma abin kallo: a watan Fabrairu na 2025 YouTube ya ce mutanen da suke kallon irin waɗannan shirye-shirye a dandalinsa a kowane wata sun haura biliyan 1.

Amma abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne yadda saƙo yake isa ga wanda bai san ka ba. Muryar da aka tura ta WhatsApp tana tsayawa ne a hannun waɗanda suke da lambarka, sai kuma waɗanda suka ga dama suka tura wa wasu. TikTok da YouTube kuwa su ne da kansu suke kai bidiyon gaban baƙo, idan na'urarsu ta lura cewa yana yawan kallon abin da ya shafi albasa ko shanu ko atamfa. Ta haka mai saye a Duwala ko Bangi zai iya faɗowa a kan shirinmu ba tare da ya taɓa jin sunan ƙungiyarmu ba. Kuma gani ya kori ji. Idan muka ce albasa ta cika kasuwa, wani zai musa, amma idan kyamara ta nuna buhuna jibge har bakin titi, magana ta ƙare.

Alhaji mai albasa, Marwa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka yi magana mai ma'ana, sai dai ka yi ta ne daga cikin rumfarka wadda take da wuta da inuwa. Ina so ka tuna waɗanda ake yin shirin dominsu. Direban da ya taso daga Ngaundere da daddare idonsa yana kan hanya, mai awo hannunsa yana cikin buhu, mai jiran shago yana lura da masu shigowa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya zuba wa allon waya ido na rabin awa, alhali dukkansu za su iya sauraro. Mu mutanen rediyo ne tun kaka da kakanni. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, na Jamus ya biyo baya a 1963, kuma iyayenmu da ba su taɓa shiga aji ba sun san abin da duniya take ciki ta wannan hanya, suna aikinsu suna ji.

Sannan akwai batun kuɗi da wuta, wanda matasa ba sa son a ambata. Forfe, wato datar da nake saya, wanda zai ɗauke ni kwana da kwanaki ina tura murya ina karɓa, idan jikana ya ɗauki wayar ya shiga kallon bidiyo, kafin la'asar ya ƙare. Wutarmu ta arewa kuma yawancinta daga madatsar Lagdo take fitowa, kuma kowa ya san abin da yake faruwa idan ruwa ya ja baya a tsakiyar bazara, daidai lokacin da albasa take kan ganiyarta kuma aka fi buƙatar labarin farashi. An kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, an samu sauƙi, amma har yanzu mutumin ƙauye kuɗi yake biya a yi masa cajin waya. Wanda yake biyan kuɗin caji ba zai ƙone batirinsa a kallon fuskokinmu ba. Ni ban ƙi ci gaba ba, amma ina ganin abin da ake kira fodkas ɗin nan mun daɗe muna yinsa, sunan ne kawai ba mu sa masa ba.

Hajiya mai atamfa, Kuseri:

Assalamu alaikum. Alhaji, ina neman afuwa, amma sana'a ta bambanta. Albasa ana iya faɗin farashinta da baki a gane, atamfa da leshi da shadda kuwa sai an gani. Shekarun baya sai na bi ta Fotokol da Gamboru in kwana a hanya kafin in isa Kantin Kwari, yanzu kuwa yaron shago a Kano yana kira na ta bidiyo, ya warware turmi a gabana, in ce ya juya bayansa, in ce ya fita da shi hasken rana domin fitilar cikin shago tana sauya launi, ja ya koma kamar ruwan goro. Da na zaɓa sai a ɗaure a ba direba. Haka ni ma nake sayarwa: in ɗora gajeren bidiyo a status da safe, kafin awa 24 ɗin da yake yi ta cika, matan Njamena sun aiko sun ce a ajiye musu. Saboda haka wanda ya ce bidiyo wasan yara ne bai san inda cinikin mata ya koma ba.

Sai dai ina so a lura da bambanci guda. Bidiyon da yake kawo mini kuɗi na daƙiƙa ashirin ne ko talatin, kuma kaya yake nunawa, ba mutum ba. Abin da ɗanmu na Marwa yake nema shi ne a zaunar da mutane a kujera ana hira ana ɗaukar su, wannan kuwa wani abu ne daban. Yawancin matan da nake hulɗa da su, waɗanda suke juya dukiya mai yawa daga cikin gidajensu, ba za su yarda fuskarsu ta fita a TikTok ba, mazajensu ma ba za su yarda ba, amma da yawa daga cikinsu za su yarda a naɗi muryarsu. Idan aka ce sai bidiyo, to an rufe wa rabin masu ilimin kasuwar nan baki tun ba a fara ba.

Malamin lise, Ngaundere:

Ina gaida iyaye da 'yan'uwa. Ni ba ɗan kasuwa ba ne sai ta wajen mahaifi, amma ina koyar da ilimin kwamfuta a lise, wato makarantar sakandare, kuma ina so in sa lissafi a ƙarƙashin abin da Alhaji ya faɗa. Muryar mutum idan aka naɗe ta a kan kilobit 64 a kowace daƙiƙa, wanda ya ishi magana ta fito tangaram, awa guda cur ba ta wuce megabayit 29 ba. Shirin minti ashirin ke nan bai kai megabayit 10 ba. Bidiyo mai matsakaicin kyau kuwa awa gudansa yana cin ɗaruruwan megabayit. Haka abin yake a wajen taro ta intanet: kamfanin Zoom da kansa ya ce kiran bidiyo tsakanin mutum biyu yana son kusan kilobit 600 a daƙiƙa, murya kaɗai kuwa 60 zuwa 80 sun ishe ta. Shi ya sa idan rezo, wato layin sadarwa, ya yi rauni ake cewa kowa ya kashe kyamararsa, sai magana ta dawo daidai.

Amma damuwata ta fi karkata ga wani wuri dabam, wato wane ne mai wurin da za mu ajiye shirin. Tasha a YouTube ko TikTok ko Facebook rumfar haya ce a kasuwar wani: ranar da ya ga dama ya ƙara kuɗi, ya sauya ƙofa, ko ya rushe layin gaba ɗaya, ba zai nemi shawararka ba. Google ya rufe manhajarsa ta sauraron fodkas a 2024 ya ce kowa ya koma YouTube Music. Microsoft ya rufe Skype a watan Mayu na 2025, bayan shekara fiye da ashirin mutane suna kiran 'yan'uwansu na ƙetare da shi. Gwamnatoci ma suna rufewa: Indiya ta haramta TikTok a 2020, Senegal ta dakatar da shi a watan Agusta na 2023. Fodkas na asali, irin wanda Apple ya shigar cikin iTunes a 2005, an gina shi ne a kan wani tsari da ake kira RSS, wanda yake ba ka damar ajiye fayilolinka a inda ka zaɓa, manhajoji daban-daban su riƙa ɗaukowa daga can. Idan ɗaya ta mutu, sauran suna nan. Spotify ma ya buɗe a Kamaru da Chadi tun 2021, ko da yake ban ga alamar cewa 'yan kasuwarmu sun rungume shi ba. Shawarata ita ce, ko me aka zaɓa, asalin fayil ɗin ya zauna a hannun ƙungiya, haka ma jerin lambobin masu sauraro.

Mai kayan masarufi, Njamena:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Abin da ka kawo misalinsa daga Indiya mu a nan mun ɗanɗana shi a jikinmu. Daga watan Maris na 2018 har zuwa Yuli na 2019 an toshe WhatsApp da Facebook da sauransu a Chadi, wata goma sha shida. Mai hali ya sa VPN, manhajar da take kewaye toshewar, ya riƙa biyan kuɗin data ninki, marar hali ya haƙura, wasu kuma sukan tsallaka gada zuwa Kuseri su kama layin Kamaru su sauke saƙonninsu su dawo. Ku ma a Kamaru kun ga yadda aka yanke intanet a yankunan masu magana da Ingilishi na kusan wata uku a 2017. Ko ba da hannun hukuma ba ma, Chadi ba ta da teku, babban kason intanet ɗinmu ta wayar da ta ratso Kamaru yake zuwa, don haka idan ta tsinke a wani daji da ba mu taɓa jin sunansa ba, mu ne muke kwana a duhu. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari a rikice. An ba Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, izini a Chadi a ƙarshen 2024, amma kuɗin na'urarsa ba na mai tebur ba ne.

Abin da na lura da shi a wancan lokaci shi ne ƙaramin fayil ba ya mutuwa. Wa'azi da waƙa da labari sun ci gaba da yawo ta Bluetooth da Xender da katin memori, daga waya zuwa waya, a tasha da bakin masallaci. Shirin murya zai iya bin wannan hanya har ƙauyen da babu rezo. Saboda haka ina bayan Alhaji, amma da sharaɗin a tuna cewa kasuwar Njamena da Larabcin Chadi take magana, kamar yadda ta Garwa da Marwa take magana da Fillanci. Zan dawo kan wannan.

Ma'ajin ƙungiya, Garwa:

Ni tambayata gajeriya ce. An ce mana idan aka buɗe tasha a YouTube, kamfanin zai riƙa biyanmu har shirin ya ɗauki nauyin kansa. Ina so wanda ya san yadda abin yake ya yi mana bayani dalla-dalla, domin kuɗin da za a taɓa na marayu da na taimakon wanda gobara ta shafa ne.

Mai gyaran waya, Marwa:

Baba Ma'aji, biyan gaskiya ne, amma yana da matakai. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai, sai tasharka ta samu mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinka na tsawon awa 4,000 a cikin wata 12, ko kuma gajerun bidiyoyinka sun samu kallo miliyan 10 a cikin kwana 90. Idan ka shiga, a dogon bidiyo kana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, kamfani ya riƙe sauran. Ba a turo kuɗi sai sun taru sun kai dala 100, kuma kafin nan sai an aiko maka da wata lambar sirri a takarda ta gidan waya domin a tabbatar da adireshinka, wanda yake nufin sai ƙungiya tana da akwatin gidan waya mai aiki da asusun banki. Sannan ba kowace ƙasa aka buɗe wa tsarin ba. Duk da haka ina nan a kan bakata cewa ribar bidiyo ba a wannan kuɗin take ba, tana cikin sababbin abokan ciniki da zai jawo.

Malamin lise, Ngaundere:

Ƙanena ya faɗi gaskiya, sai in ƙara abu guda da ake yawan ɓoyewa. Kuɗin talla ba a kan yawan kallo kaɗai yake ba, yana bin inda mai kallon yake zaune, domin masu talla gasa suke yi a kan wanda suke ganin zai sayi kayansu. Kallo dubu daga Amurka ko Jamus ya fi kallo dubu daga Marwa tsada nesa ba kusa ba. Shirin farashin albasa da masara a harshen Hausa ba zai taɓa zama abin da manyan kamfanoni za su yi rububinsa ba. Idan ana son shirin ya ciyar da kansa, masu ɗaukar nauyi na gida za a nema, kamar kamfanonin sufuri da masu sayar da taki. A nan kuma sai a yi hattara, domin ranar da babban dillali ya zama shi ne mai biyan kuɗin shirin da yake faɗin farashi, ranar ce mutane za su daina yarda da shi, kuma suna da gaskiya.

Mai fiton kaya a duwan (kwastan), Kuseri:

Assalamu alaikum. Na ga an bar magana ta biyu a baya, alhali a wurina ita ce ta fi haɗari. Aikina takardu ne, kuma rigingimun da ake kira na in shiga tsakani a 'yan shekarun nan kusan duk iri ɗaya ne. Mutum biyu sun yi ciniki na miliyoyi ta saƙon murya, kaya ya iso, sai aka tarar kowa da abin da ya fahimta. Akwai wanda aka kawo mini kwanan baya: mai kaya ya faɗi kuɗi bai ce naira ko sefa ba, shi yana nufin ɗaya, mai saye ya ɗauka ɗayan, kuma a tsakanin ranar ciniki da ranar biya canji ya motsa. Muka zauna muna bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya, wani na minti huɗu wanda rabinsa gaisuwa ce da tambayar iyali, wani an yi shi a cikin hayaniyar tasha ba a jin adadin, wani kuma an goge shi. Ga kuma lissafin kasuwar Njamena da ake yi da riyal, inda kowane riyal yake sefa 5, wanda baƙo idan bai sani ba sai ya yi zaton ya samu araha.

Murya tana da daɗi domin tana da sauri kuma tana ɗauke da mutunci, shi ya sa WhatsApp ya ce a 2022 ana tura saƙon murya biliyan 7 a kowace rana. Amma ba a iya bincika ta. Rubutu kana sa kalma ɗaya a wurin nema ya fito maka da saƙon bara, murya kuwa sai ka saurare ta daga farko. An fito da tsarin mayar da saƙon murya rubutu a ƙarshen 2024, amma da harsuna kaɗan ya fara kuma babu Hausa a cikinsu. Ta fuskar doka, Kamaru da Chadi duka suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ta bai ɗaya, kuma dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Wato saƙon waya yana iya zama hujja, sai dai hujjar da ba ta fayyace adadi da nau'in kuɗi da ranar biya ba, ba ta raba gardama. Abin da nake roƙo ƙungiya ta mayar da shi ƙa'ida shi ne: a yi ciniki da baki yadda aka saba, amma a rufe shi da saƙo guda a rubuce mai ɗauke da sunan kaya, yawansa, kuɗinsa da lambobi, naira ko sefa, wanda zai biya mota da duwan, da ranar biya, ɗayan kuma ya amsa da cewa ya yarda. WhatsApp Business, wanda ya fito tun 2018 kuma kyauta ne, yana ba da damar ajiye irin wannan saƙo a riƙa cike gurabensa kawai.

Alhaji mai albasa, Marwa:

Malam, maganarka dutse ce, amma ka san da yawa daga cikinmu ba mu yi boko ba, kuma saƙon murya shi ne ya fitar da mu daga hannun masu rubuta mana wasiƙa suna jin sirrinmu. Sannan akwai abokan cinikin da muka shekara talatin da su ba a taɓa rubuta komai ba. Idan yau na ce wa irin wannan mutum ya rubuto mini, zai ɗauka na fara zarginsa.

Limamin masallacin kasuwa, Garwa:

Alhaji, wannan nauyin da kake ji ba sabo ba ne, kuma an riga an ɗauke maka shi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta ce a rubuta shi ƙarami ne ko babba zuwa ajalinsa, kuma a kafa shaidu. Ta sassauta ne kawai a kan cinikin hannu da hannu. Cinikin da kaya yake Marwa, mai saye yake Duwala, kuɗi kuma sai bayan mako biyu, ba hannu da hannu ba ne. Idan ƙungiya ta mayar da abin doka a kan kowa, babu wanda zai ce shi aka nufa. Wanda bai iya boko ba kuma ya iya lambobi, tunda yana danna lambar waya yana tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo, kuma wanda ya yi allo zai iya rubutawa da ajami a takarda ya ɗauki hotonta ya tura.

Mai gyaran waya, Marwa:

Allah ya gafarta Malam, akwai ƙarin dalili da ya sa murya kaɗai ba za ta ci gaba da zama shaida ba. Yanzu akwai manhajojin da idan aka ba su ɗan guntun maganar mutum za su ƙera muryarsa su faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Bidiyo ma bai tsira ba. A farkon 2024 'yan sandan Hong Kong suka ba da labarin ma'aikacin wani kamfani da ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya yi da mutanen da ya ɗauka shugabanninsa ne, ashe dukkansu hotunan bogi ne. Wannan ya shafi shirinmu kai tsaye, domin duk wanda muka sa muryarsa a ciki, mun ba ɓarayi samfurinta, kuma dole a gaya wa dattawan da za a yi hira da su wannan kafin su amince.

Abin da ya fi yawa a wurinmu dai har yanzu shi ne satar asusun WhatsApp. Ana kiran mutum a ce an yi kuskuren turo masa wata lamba mai alƙaluma shida, ya taimaka ya karanto ta, da ya karanta sai asusunsa ya koma hannunsu, su shiga aika wa abokan cinikinsa cewa a tura kuɗi ta sabuwar lamba. Maganinsa yana cikin wayar: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a sa lambar sirri, kuma duk saƙon da ya ce an sauya lambar karɓar kuɗi, kada a tura ko sisi sai an kira mutumin ta layin waya na yau da kullum an tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani. Duk ɗan ƙungiyar da yake Marwa ya zo rumfata in kunna masa ba tare da ya biya komai ba.

Hajiya mai atamfa, Kuseri:

To ai ga hanya ta fito a tsakiya. A naɗi shirin da murya, minti goma sha biyar ko ashirin, a tura ta tashar WhatsApp irin wadda aka fito da ita a 2023, inda masu bi ba sa ganin lambobin juna, wanda hakan zai sa mata su shiga hankali kwance. Shi kuma ɗanmu ya zaga kasuwa da wayarsa ya ɗauko gajerun bidiyoyin kaya ya sa a TikTok da sunan ƙungiya, ba sai an sayi kyamara ba. Kuɗin da za a kashe a sa shi a makirufo mai kyau, domin mutum yana haƙuri da hoto marar kyau amma ba ya haƙuri da muryar da iska take bugawa.

Sakataren ƙungiya, Garwa:

Na rubuta abubuwa uku da zan kai wa kwamiti: shawarar Hajiya a kan siffar shirin, ƙa'idar rufe ciniki da rubutu, da sharaɗin Malamin lise cewa kada dillali ya ɗauki nauyin sashen farashi. Wanda ban ga an taɓa ba shi ne wa zai riƙa kawo farashin daga kowace kasuwa, kuma wa zai tabbatar da shi kafin a watsa.

Mai kayan masarufi, Njamena:

Yallabai Sakatare, a kan masu kawo farashi ina ganin a sa mutum biyu a kowace kasuwa waɗanda ba sana'arsu ɗaya ba, mai hatsi ya faɗi na albasa, mai albasa ya faɗi na hatsi, kuma a riƙa ambaton rana da sa'ar da aka ɗauki farashin, domin na safiyar Litinin ba shi ne na yammacin Laraba ba. Sai kuma batun harshe da na ce zan dawo kansa. Idan da Hausa kaɗai za a yi, abokan cinikina na Kasuwar Gero ba za su saurara ba, kuma na tabbata haka abin yake ga masu Fillanci a Gidar da Figil. Ina ba da shawarar hirar dattawa ta zauna da Hausa, amma sashen farashi, wanda bai wuce minti uku ko huɗu ba, a maimaita shi da Fillanci da Larabcin Chadi a fayil dabam. Na Larabcin ni zan ɗauki nauyin karanta shi, idan za a riƙa turo mini alƙaluman a rubuce kafin sallar isha'i ta ranar Laraba. Wa zai karɓi na Fillanci?